Yarinyar da Ke Gardama da Littafi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban faɗa wa ba tukuna.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Shafa'atu, shekarata ashirin da huɗu. A Funtua nake, gidan Baffana Alhaji Mudi mai sayar da hatsi, yayan mahaifina. Shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare, lokacin da Allah Ya yi wa Babana rasuwa. Tarihi na karanta a kwalejin horon malamai. Na gama, na zauna jiran aiki, shiru. Ashe har ɗaki aikin zai zo ya same ni.

Da tsoro ya yi yawa a kan makarantun kwana, rana ɗaya Baffa ya tashi ya je ya kwaso 'ya'yansa biyu, Maijidda mai shekara sha bakwai da Aisha Humaira mai sha biyar, da akwatunansu da bokitansu.

"Ba za su koma ba," in ji shi. "Ga Shafa'atu nan, ba koyarwa ta karanta ba? Ta koya musu a gida. In lokacin jarrabawa ya yi a yi musu rajista su zana daga waje."

Haka rumfar tsakar gidanmu ta zama aji. Aka kafa allo a jikin bango, aka kawo teburi da kujerun roba uku. Da safe Turanci da lissafi da sauran darussa, daga takwas zuwa sha biyu. Wannan bai ba ni wahala ba. Abin da ya dame ni tarihi ne. Littafin da za su yi jarrabawa da shi ba komai a ciki sai sunaye da shekaru, su haddace yau, jibi sun manta. Na taɓa tambayar Maijidda me ya kawo jirgin ƙasa Funtua, ta dube ni ta ce, "Yaya Shafa, ai wannan ba ya cikin abin da za a tambaye mu." Ranar na ji ciwo. Yarinyar da aka haifa tana jin ƙarar injin gurzar auduga, amma ba ta san labarin garinsu ba.

Sai na samo farin kwali na zana jadawalin ƙarin karatu. Na yi ta gogewa ina sakewa har sau huɗu. Na fara sa shi da safe, na ga zai ci lokacin lissafi. Na mayar da shi bayan azahar, na tarar da su suna gyangyaɗi. Daga ƙarshe ya tsaya bayan la'asar, Litinin da Talata da Laraba, minti arba'in-arba'in. Maijidda shafi sha biyar, Humaira shafi goma. Alhamis kuma a rufe littafi, kowace ta ba ni labarin abin da ta karanta da bakinta, kamar tana ba wa ƙawarta. Kowane littafi mako biyu. Na kuma jera su daga kusa zuwa nesa: garinmu da jirgin ƙasa da auduga tukuna, sai ƙasar Katsina, sai Nijeriya, sai sauran Afirka.

Jadawali ya yi kyau a bango. Littattafan ne babu.

To nan Malam Muhammad Awwal ya shigo. Malamin gona ne a Malumfashi, dogo, baƙi, mai yawan shiru, in kuma ya yi magana sai ya ba ka dariya shi bai dara ba. A bikin wata 'yar ajinmu ya fara ganina, ya nemi izini wurin Baffa, aka ba shi. Duk Juma'a bayan la'asar yake zuwa a babur ɗinsa, da shadda mai guga da hular da ba ta taɓa zama daidai ba. Wata Juma'a na yi masa ƙorafin rashin littattafai.

"Turo min jerin abin da kike so," ya ce. "Na san wani tsohon malamin makaranta a garin Ƙarfi, yana da akwati biyu cike."

Na tura masa hoton jadawalin gaba ɗaya. Juma'ar da ta biyo ya zo da littafi a cikin leda, ɗan siriri, takardunsa sun yi ja, bangon an ɗinke shi da zare. Da Hausa aka rubuta shi, labarin tsofaffin garuruwa da ganuwoyinsu. Wannan a mako na bakwai na sa shi, ba na farko ba.

"Malam Awwal, na jirgin ƙasa na ce."

"Mai littattafan ya ce da wannan za a fara."

"Shi ya zana jadawalin ko ni?"

"Ke kika zana, Malama. Shi kuma yake da akwatin."

Na haɗiye fushina na karɓa. Bayan mako biyu ma haka, na nemi na auduga, aka aiko da wani na labarin fatake. Kwalin nan ya cika da kibiyoyi, wannan ya koma can, wancan ya dawo nan. A raina na ce wane irin tsoho ne wannan mai taurin kai, bai taɓa ganina ba yana juya min aji?

A cikin gida kuwa wata wutar ake hura min. Umma, wato Hajiya Mansura matar Baffa, ta same ni a ɗaki ina ninke atamfofina.

"Shafa'atu, wata biyar ke nan yaron nan yana zuwa. Littafi yake aure ko ke?"

"Umma, ai bai ce komai ba tukuna."

"Shi ne abin da nake faɗa. Bai ce komai ba. Sa'anninki duk sun yi ɗaki. Baffanki ba zai yi miki dole ba, kin sani, amma mutane suna tambayata, ni kuma ban da amsa. In an gama girbi bai turo magabatansa ba, ki sallame shi, ya ba wasu wuri."

Ban musa mata ba. Gaskiya ni ma abin yana cina. Ina son shi, yau dai na faɗa muku. Amma mutumin da zai zauna awa guda yana ba ki labarin tsutsar masara, ya tashi ya tafi bai ce ga inda ya dosa ba, yaya za ki yi da shi?

Humaira ce ta fara lura da rubutun fensir. Wata Talata tana karatu sai ta fashe da dariya.

"Yaya Shafa, zo ki ga wata tana faɗa da littafi!"

Na leƙa. A gefen shafin, da ƙananan haruffa masu kwanciya, an rubuta: *Ƙarya ne. Kakata ta ce ba yaƙi ya tashi garin ba, rijiya ce ta ƙafe.* Muka buɗe gaba. *Wa ya ƙirga su har ya san dubu ne?* Can kuma, inda aka jera sunayen sarakuna: *To matan garin fa, ba su da suna?* A bangon ciki akwai haruffa biyu, L. D., aji shida.

Daga ranar karatun tarihi ya canza a gidanmu. Yaran da nake ja kamar ana jan akuya zuwa kasuwa, su ne ke rigana zuwa rumfa. Humaira ta sa mata suna Mai Fensir. Maijidda ta fara nata rubutun a gefen littafin jarrabawarta. Ranar Alhamis in sun zo ba da labari sai su rabu biyu, ɗaya ta tsaya wa littafi, ɗaya ta tsaya wa Mai Fensir. Har na ƙara minti goma a jadawalin don gardamar kawai.

Baffa ya taɓa wucewa ya ga littafin a kan teburi. Ya ɗauka, ya juya bangon, ya daɗe yana dubawa.

"Ina kika samo wannan?"

"Malam Awwal ne yake aro mana a Ƙarfi, Baffa."

Ya ajiye a hankali, ya shige ɗakinsa. Na ɗauka gajiyar kasuwa ce.

Yanzu bari in gabatar muku da Inna. Ita ce kakarmu, mahaifiyar Baffa da Babana, Hajiya Ummukulsum, shekararta saba'in da biyar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tsabta, kullum da farin mayafi da carbi. Kowa a gidan ya san Inna ba ta yi boko ba. In an kawo katin biki ni take kira in karanta mata. Ko lambar waya sai an danna mata. Tun da muka fara karatun yamma take shimfiɗa tabarmarta a bakin rumfa da faranti, tana ɓarar gyaɗa ko tsince wake, ba ta ce mana uffan.

Laraba ta mako na biyar, Humaira tana karantawa da ƙarfi, ta zo kan wani rubutun fensir da ruwa ya taɓa.

"*Malam ya ce in daina tambaya, ni kuwa…* ni kuwa me? Yaya Shafa, ya goge."

"Ni kuwa gobe ma sai na tambaya," in ji Inna.

Ba ta ɗago kai ba. Hannunta yana cikin gyaɗa. Humaira ta kanga shafin a hasken rana, ta ƙanƙance ido.

"Lah! Wallahi haka ne! Inna, ya aka yi kika sani?"

Gyaɗar da ke hannun Inna ta zube a tabarma. Ta tattara farantinta.

"Cinta na yi. Duk mai taurin kai ai haka za ta ce." Ta miƙe ta yi ɗakinta, ta bar takalminta ɗaya a wurin.

Yaran suka yi dariya suka ci gaba. Ni ban yi dariya ba. Cinta? Kalma biyar a jere, babu wadda ta kauce?

Washegari da hantsi na bar su suna aikin lissafi, na je ɗauko alli a ɗakina. Littafin ba ya kan akwatina inda na ajiye shi. Na bi ta ƙofar Inna, labulen ya ɗan yaye. Tana zaune a bakin gado da littafin a cinyarta, ba a juye ba, daidai yake. Yatsanta yana bin layi, leɓenta yana motsi. Ta kai ƙarshen shafi, ta lashi yatsa, ta buɗe na gaba. 'Yan uwa, na ga masu kallon hoto a littafi, na kuma ga masu karatu. Inna karatu take yi.

Na koma da baya a hankali, na shiga ɗakina, na ɗauki waya.

*Malam Awwal, wa ye mai littattafan nan? Sunansa nake so.*

Ya buɗe saƙon nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

*Baba Amos.*

*Amos wa?*

*Amos Ɗanbaba.*

D ke nan. Saura L.

*Wace ce L?*

*Malama, wannan ba maganar waya ba ce. Gobe Juma'a.*

*Ka san wani abu game da gidanmu wanda ni ban sani ba?*

*Gobe, don Allah.*

Ranar Juma'ar ban yi kwalliya ba. Doguwar riga ruwan toka na sa da hijabi, ko turare ban fesa ba. Na same shi a falon baƙi ya ajiye wata ledar a gefensa. Ban kawo masa ko ruwa ba.

"Ina jin ka."

Ya cire hular ya riƙe a hannu.

"Baba Amos shi ya koyar da ni a firamare. Da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya min har na gama sakandare, bai taɓa tambayar addinina ba, ni ma ban taɓa ganin nasa ya hana shi riƙe ni ba. Ranar da na je aron littafi, ya tambaye ni wa za a kai wa. Na ce gidan Alhaji Mudi mai hatsi a Funtua. Daga nan ya ce min yayarsa tana gidan."

"Yayarsa?"

"Liatu. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce shekara hamsin da takwas rabonsa da ita. Littattafan nata ne, na makarantar mishan. Shi ya sa yake zaɓar wanda zai aiko, waɗanda ta fi yi wa rubutu yake fara turowa. Ya ce in tana da rai da ido, za ta gane hannunta."

Inna, mai carbi da farin mayafi, wadda ta je Makka sau biyu, tana da ƙane a Ƙarfi mai suna Amos? Ashe Mai Fensir ɗin da yaran nan suke so kamar me, kullum tana zaune a bakin rumfa tana jin su? Sai kuma wani tunani ya zo ya danne wannan, mai ɗaci.

"Malam Awwal, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Wurina kake zuwa, ko aiko ka ake yi?"

Ya ɗago ya dube ni sosai, abin da bai saba yi ba.

"Wata uku ina zuwa kafin ki yi min maganar littafi. Ki ƙirga."

Na ƙirga a raina. Haka ne.

"To me ya hana ka turo manya?"

"Na shirya tun kafin wannan ya taso. Da Baba ya ɗora min sirrinsa sai na tsaya. Ban so in shigo gidanku neman aure da abu a ɓoye a aljihuna ba. In Alhaji ya gano daga baya, zai ce da auren na yi dabara. In kuma na faɗa, na tona asirin tsohuwar da ba ta ba ni izini ba. Kullum in na taho sai in ce yau zan gaya miki, in na zauna sai in kama maganar tsutsa."

Dariya ta so ƙwace min, na danne. Ban gama hucewa ba.

"Ka bar ni ina ta goge jadawali kamar mahaukaciya."

"Na yi laifi."

Ya turo min ledar. Wannan karon ba littafin ɗab'i ba ne, littafin rubutu ne na 'yan makaranta, mai shuɗin bango. A samansa an rubuta cikakken suna: Liatu Ɗanbaba.

"Ya ce wannan ba na yara ba ne. Nata ne. Ya ce in ta ƙi karɓa a mayar masa, ba zai sake aiko komai ba."

Asabar da safe, bayan an karya, na shiga ɗakin Inna da ledar a cikin hijabina. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta, kwanukanta na samira a jere, darduma a ninke. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye littafin a gabanta.

Ta dube shi. Ta dube ni. Ta kai hannu ta shafa sunan da yatsa biyu.

"Rufe ƙofa, 'yar nan."

Na rufe.

"Yana da rai ke nan."

"Yana nan, Inna. A Ƙarfi."

"Tun littafin farko na sani. Ni na ɗinke bangon nan da zaren da na sata a kwandon uwata." Ta yi ɗan murmushi. "Kullum in na zauna a bakin rumfa sai in ce yau zan tashi in bar wurin, sai in ji Humaira tana karanta shirmena, in kasa."

"Inna, me ya sa kika ɓoye mana kin iya karatu?"

Ta gyara mayafinta. A hankali take maganar, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Ni ce ta ɗaya a ajinmu. Malama nake so in zama, irinki. Sai kakanku Malam Abdulrahman ya zo garinmu awon auduga. Babu wanda ya tilasta ni, ki rubuta wannan in kina rubutawa. Ni na gan shi na so shi, ni na ga addininsa na karɓa da zuciya ɗaya, har gobe ban yi nadama ba. Babanmu ya ce in na tafi ko allura kada in ɗauka a gidansa. Na fito da zanen jikina. Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, sai ga Amos a guje, shekararsa sha biyu, ya ɗauro littattafaina a ka. Ya ce, Yaya, ga kayanki, ni ma zan bi ki."

Ta shafa bangon littafin.

"Na san in ya bi ni, Babanmu ba zai sake kallonsa ba. In ma ya daɗe a wurin, duka zai sha. Na ce ya koma, ya ƙi. Na roƙe shi, ya ƙi. Sai na ce masa, ni ba ni da ƙane, ban san ka ba, kwashe tarkacenka ka ba ni wuri. A gaban mutane na faɗa. Ya tsaya yana kallona da kayan a kansa har mota ta tashi."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Da na zo Funtua, wata rana aka gan ni ina karanta takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki. Dangin miji suka yi ta dariya, 'yar mishan, 'yar mishan. Ni kuma so nake in zama tasu. Na ce daga yau ban iya ba. Da farko ƙarya ce, daga baya ta zame min jiki. Iyayenmu suka rasu, sai a bakin fatake na ji. Kin ga ba fushi nake da Amos ba. Kunyarsa nake ji. Da wane ido zan kalli yaron da na ce ban sani ba?"

"Inna, ai ba yaro ba ne yanzu. Ya kai saba'in."

Ta yi dariya cikin kuka. "Amos da furfura! Kai, duniya."

Ta buɗe littafin rubutun. Shafukan farko aikin makaranta ne, da jan biron malami. A shafin ƙarshe akwai sabon rubutu da shuɗin biro. Na miƙa hannu zan karɓa in karanta mata, yadda na saba. Ta janye.

"Bari. Ni zan karanta."

Ta nisanta shi da idonta, ta karanta a fili, kalma-kalma:

"*Yaya, na kai kayanki gida kamar yadda kika ce. Ban bar gara ta ci ko ɗaya ba. Na san dalilin da ya sa kika faɗi abin da kika faɗa, tun a ranar na sani. Idona ya fara rauni. Ina so in gan ki da shi kafin ya tafi.*"

Ba mu ji an turo ƙofa ba. Sai inuwa muka gani. Baffa ne, da farar shadda, ya shigo gaishe ta kafin ya fita kasuwa kamar yadda yake yi kullum. Ya tsaya da hannu a kan ƙofa, yana kallon uwarsa da littafi a hannu tana karatu. Na ce shi ke nan, yau ni da ajina da Malam Awwal duk an gama da mu.

Inna ba ta ɓoye littafin ba. Ta ɗago kai.

"Mudi, zauna. Ina da ƙane. Sunansa Amos, Kirista ne, yana Ƙarfi. Ina so ka kai ni."

Baffa ya durƙusa a gabanta, ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ba irin ta kasuwa ba ce.

"Inna, na san gidan. Mai bishiyar mangwaro biyu a ƙofa."

"Ka san me?"

"Shekara sha ɗaya ke nan. Na je sayen masara, wani dattijo ya tsare ni da ido, ya ce wace ce uwarka. Tun daga nan duk kaka sai na je na gaida Kawu."

Inna ta saki baki. "Kawu kake ce masa?"

"To me zan ce masa, Inna? Ƙanenki ne."

"Shekara sha ɗaya, Mudi! Kana shigowa ɗakin nan kullum da safe!"

"Ina saurayi na taɓa tambayarki ina danginki. Kwana uku ba ki ci abinci ba. Na yi alkawari ba zan sake ba. Kawu ya sha ba ni wasiƙa in kawo miki, ina cewa a bari tukuna, a bari tukuna. Tsoro nake ji." Ya ɗan juyo ya kalli littafin. "Ashe ya gaji da jirana, ya sami wata hanyar."

Inna ta ɗaga littafin ta buga masa a kafaɗa, bugun da ba ya da zafi, mutum mai shekara hamsin da shida. Sai ta kama kansa ta riƙe, su biyun suna kuka. Na rasa inda zan sa idona, na kama kallon kwanukan samira.

Aka tsayar da Litinin. Inna ta ce da Maijidda da Humaira za a je, kuma kada wanda ya gaya musu komai, ita za ta faɗa musu da bakinta a mota. Ta ce in fito mata da leshinta mai ruwan ƙasa, in kuma nemo mata tabarau a kasuwa, don ƙananan haruffa suna yi mata gardama.

Na miƙe zan fita, zuciyata fes. Har na kai ƙofa Baffa ya kira ni. Ya share fuskarsa, muryar kasuwar ta dawo.

"Shafa'atu."

"Na'am, Baffa."

"Malamin gonan nan. Wata nawa yana shigo min da saƙo gida ban sani ba?"

"Baffa, ai shi ma…"

"Ban tambaye ki dalili ba. Ki ce ya zo ya same ni gobe da hantsi. Shi kaɗai."

Na leƙa fuskarsa ko zan ga alama. Babu fushi, babu murmushi, fuskar da yake yi wa mai kawo hatsi kafin ya buɗe buhu. Na dubi Inna ko za ta sa baki, ta riga ta koma shafin farko tana bin layi da yatsa.

Na shiga ɗakina na jingina da ƙofa, na rubuta:

*Inna ta karɓa. Litinin za ta je. Amma Baffa ya san komai, yana nemanka gobe da hantsi, kai kaɗai.*

Minti biyu, uku, biyar. Sai ga amsa:

*Alhamdu lillahi. Yanzu na kira Baba, kuka ya hana shi magana. Malama, ki taimake ni da gaskiya: babbar riga zan sa, ko takalmin da zan iya gudu da shi?*

Na daɗe ina kallon wayar. Ni da ke da amsar kowace tambaya a rumfar nan, wallahi wannan ban san ta ba. Na rubuta masa: *Ka sa duka biyun.*